A JI TA BAKIN MAI RUMFA KAFIN KATAFILA TA ISO

'Yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa na cikin birni, yau maganarmu a kan jan fenti ce. Kowa ya san shi. Mutum ya kwana lafiya, ya yi sallar asuba, ya tafi buɗe rumfarsa, sai ya tarar an shafa wa bango jan fenti, an rubuta waɗansu haruffan Turanci da kwanan wata. Ba wanda ya yi masa sallama, ba wanda ya ce ya kawo takardarsa a gani, ba kuwa wanda ya gaya masa laifin ginin. Daga wannan sa'a barci ya ƙaurace masa, shi da iyalinsa da yaran shagonsa.

To, me mutanenmu kan yi in haka ta faru? Wani ya bazama neman wanda ya san wani babba. Wani ya haɗa kuɗi ya danƙa wa ɗan kamashon da ya ce yana da hanya a ofis, kuɗin su tafi, fentin yana nan. Wani kuwa ya bari sai dare ya yi, ya ciro ƙofofinsa da kwanon rufi, ya ce Allah ya isa. Kaɗan ne ƙwarai ke tsayawa su yi tambayar da ta kamata, watau: ina ne wurin da zan je in faɗi tawa, a rubuta ta, a auna ta da ta hukuma, tun ba a taɓa ginin ba? Wannan tambaya ita muke so kowane ɗan jam'iyya da kowane ɗan kasuwa ya riƙe, domin a ganinmu duk wanda za a rushe wa gini yana da hakkin a zauna a saurare shi a fili tukuna, kuma in an buɗe irin wannan zama, tilas ne talaka ya je, da takardunsa da 'yan'uwansa.

ABIN DA YA FARU A FILIN IDI

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, an yanka filayen jama'a da dama an ba mutane, har da gefen Filin Idi na Ƙofar Mata da waɗansu wurare a jikin ganuwa ta wajen titin Jami'ar Bayero. Mutane suka saya, waɗansu hannu na biyu ko na uku, suka gina shaguna, suka zuba kaya, suka sa 'yan haya. Ran 29 ga Mayu 2023 aka rantsar da Abba Kabir Yusuf, ba a kuwa yi mako guda ba katafila ta fita. A cikin watan Yuni na shekarar aka rushe wani bene mai shaguna a filin sukuwa na Nasarawa, aka rushe gine-ginen tsohon Otal ɗin Daula, aka rushe shagunan Filin Idi, da shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati. Bayan katafila sai ga samari sun biyo da guduma da baro suna kwasar rodi da ƙofofi, wai ganima. Mutumin da ya kwana da jari ya wayi gari da tarkace.

Masu shagunan Filin Idi ba su tsaya kuka kaɗai ba. Suna da ƙungiya mai rajista, da sunanta suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. Ran 29 ga Satumba 2023 Mai Shari'a Simon Amobeda ya yanke hukunci cewa rusau ɗin ya saɓa wa doka, ya ce Gwamnatin Kano ta biya su diyyar naira biliyan 30, watau miliyan dubu talatin. Da biya ya yi wuya suka bi ta wata kotun a Abuja aka riƙe asusun gwamnati a bankuna. A watan Disamba na shekarar aka yi sulhu, gwamnati ta yarda za ta biya naira biliyan 3. Sa'an nan a watan Afrilu 2024 gwamnati ta kafa kwamitin bincike na shari'a a ƙarƙashin Mai Shari'a Faruk Lawan Adamu, don ya binciki yadda aka yi da kadarorin jama'a daga 2015 zuwa 2023.

Jama'a, ku dubi jerin kwanakin nan da kyau. Rusau a watan Yuni. Hukuncin kotu a watan Satumba. Kwamitin bincike a watan Afrilun shekara mai zuwa, bayan wata goma. Ashe an fara da zartar da hukunci, sa'an nan aka yi shari'a, sa'an nan aka zo bincike! Ko alƙalin ƙauye ba ya yin haka. Duk wanda ya taɓa zama a kotun Musulunci ya san alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ɓangare biyu, kuma kafin ya yanke sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko wata hujja. In an tsallake i'izari, kotun sama tana iya rushe hukuncin ɗungum. Abin da shari'armu ta wajabta a kan rikicin akuya, yaya za a hana shi a kan shagon da ke ciyar da gida uku?

Gwamnati ta ce ai ta yi gargaɗi tun kafin a rantsar da ita, ta ce kowa ya daina gini a filin jama'a. Gaskiya ne an yi gargaɗin, kowa ya ji a rediyo. Amma gargaɗi a rediyo ba sammaci ba ne. Bai ambaci sunan mutum ba, bai ba shi rana ba, bai nuna masa ɗakin da zai je ya kare kansa ba. Kuma wa ya ci ribar wannan gaggawa? Gwamnati ɗaya ta sayar ta karɓi kuɗi, gwamnati ta biyu ta rushe, aka koma baitulmali aka ɗebi kuɗin diyya, kuɗin da na asibiti ne da makaranta da ruwan famfo. Ɗan kasuwa kuwa ya yarda da kashi ɗaya cikin goma na abin da kotu ta ce a ba shi. Talaka ya biya sau biyu, da jarinsa da harajinsa.

MATSAYINMU

Kada wani ya juya maganarmu. Wannan jarida ba ta goyon bayan a yi gini a kan ganuwa, ko a Filin Idi, ko a maƙabarta, ko a harabar makaranta, ko a kan magudanar ruwa. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara wajen ɗari tara ke nan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi da muke ci a cikinta har yau. Ba ta gwamna ba ce balle ya yanka ya raba wa 'yan gaban goshinsa. Mun kuma ga abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka ce gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyi da magudanai ne sanadi. A ƙarshen watan Agusta na shekarar nan kuma wani bene da ake kan ginawa ya rufto a titin Beirut, aka yi asarar rai. Gari ba ya zama sai da tsari, tsari kuwa ba ya tsayawa sai akwai mai hanawa. Akwai ginin da lalle ya kamata a rushe.

Abin da muke cewa shi ne, ba a sanin ginin da ya kamata a rushe da wanda bai kamata ba sai an zauna an bincika ɗaya ɗaya. A layi guda za ka sami wanda ya san filin na jama'a ne ya saya da gangan don yana da uwa a gindin murhu, da wanda ya sayar da gonar gado ya sayi shago a hannun na uku, aka nuna masa takarda mai hatimin gwamnati ya gaskata, da ɗan haya wanda ya biya kuɗin shekara biyu bai san kome ba. Katafila ba ta bambance su. Zaman bincike ne kaɗai ke bambancewa. Har wa yau, a zaman bincike ne kaɗai za a tilasta a fito da fayil a ga wanda ya sa hannu a takardar, da safiyon da ya auna, da wanda ya karɓi kuɗi. In an rushe ba bincike, mai saye ya tafi da hasara, mai sayarwa ya tafi da riba, ba wanda ya ambaci sunansa.

ABIN DA DOKA TA BA KU

Da yawa cikinmu suna tsammani ƙasa ta gwamna ce, in ya ga dama ya ba ka, in ya ga dama ya ƙwace. Ba haka doka ta ce ba, ga shi kuwa dalla-dalla.

Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ba kowane mutum hakkin a saurare shi da adalci a duk maganar da ta shafi hakkinsa. Sashe na 44 ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa, tare da biyan diyya ba jinkiri, da barin ƙofar kotu a buɗe ga wanda bai yarda da yawan diyyar ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, amma a matsayin amana ga jama'a. Sashe na 28 ya ce yana iya soke hakkin mutum a kan fili saboda bukatar jama'a, amma sai jami'in da aka ba izini ya sa hannu, an kuma kai wa mai filin sanarwa. Sashe na 29 ya yi maganar diyyar abin da mutum ya gina. Ga kuma wanda ya fi shafar mutanen cikin birni, watau sashe na 34. Galibin gidajen Yakasai da Sharifai da Koki da Mandawari da Zage gidajen gado ne, ba su da satifiket na gwamnati, sai mutane su ɗauka ba su da tsayawa. To, wannan sashe ya ce filin da ke cikin gari wanda an riga an gina shi kafin dokar ta fara aiki a watan Maris 1978, yana nan a hannun mai shi kamar gwamna ne ya ba shi takarda. Saboda haka duk ranar da aikin hanya ko na magudana, irin na Jakara zuwa Kwarin Gogau, ya biyo ta kan gidan kakanka, kada wani ya tsorata ka da cewa ba ka da satifiket.

A 1986, a zamanin soja ma, Kotun Ƙoli ta tsawata wa Gwamnatin Legas don ta tura 'yan sanda sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Kotun ta nuna cewa in shari'a tana gaban alƙali, gwamnati ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta. Hukuncin nan yana nan, lauyoyi suna kafa hujja da shi, kuma bai ce na manyan mutane ne kaɗai ba.

Akwai kuma dokar tsara birane ta 1992, wadda ta shimfiɗa matakai: takardar tsayar da aiki, takardar nuna laifin gini, takardar rusau, da kotu ta musamman mai jin ƙorafin wanda bai yarda ba. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. Ma'anar wannan ita ce, ba mai cewa a jira Abuja. Alhakin yana wuyan Majalisar Dokokin Jihar Kano da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA.

YADDA AKE YI A INGILA

Turawan Ingila su suka kawo mana wannan tsari na neman izini kafin gini, da dokokinsu na 1917 da 1946. Amma bari ku ji yadda suke yi wa nasu mutanen a gida. In ƙaramar hukuma ta ga gini ya saɓa tsari, sai ta ba mai shi takarda, ta rubuta laifin, da abin da take so ya gyara, da ranar da takardar za ta fara aiki, ba ta kuwa fara aiki sai bayan kwana 28 aƙalla. In ya ɗaukaka ƙara kafin ranar, takardar ta tsaya cik har a gama. Sai a turo mai bincike daga wata hukuma dabam, ba ma'aikacin ƙaramar hukumar ba. In maganar mai nauyi ce sai a yi zama a fili, a sanar da makwabta, kowane ɓangare ya kawo shaidu, a yi musu tambayoyi, sau da yawa har da rantsuwa. Makwabcin da ginin ya dama, da wanda ginin ya amfana, duk ana ba su dama su yi magana. Mai binciken ya je ya ga wurin da idonsa, sa'an nan ya rubuta hukunci da dalilansa, kowa ya karanta.

Dokarsu ta jera hujjoji bakwai da mutum zai iya tsayawa a kai: cewa ginin ya cancanci a ba shi izini, cewa abin da ake zargi bai faru ba, cewa ya faru amma ba laifi ba ne, cewa ya daɗe har lokacin tuhuma ya wuce, cewa ba a kai takardar ga waɗanda ya kamata ba, cewa abin da aka ce a yi ya wuce kima, gyara ya isa ba sai rusau ba, da cewa wa'adin da aka bayar ya yi kaɗan. Ba mu kawo wannan don mu yabi Bature ba, mun san abin da ya yi mana. Mun kawo ne don ku ga ba abin al'ajabi muke nema ba, ku kuma ga irin hujjojin da mai hankali ke shiryawa kafin ya tsaya gaban hukuma.

IN AN SHAFA MAKA FENTI

Na farko, kada ka goge fentin, kada ka zagi ma'aikaci, kada ka ba kowa ko sisi. Ɗauki hotonsa da waya, da ginin gaba da baya, da kayan da ke ciki, ka rubuta ranar. Ka je ofis ka nemi takarda a rubuce mai nuna laifin da sunan dokar da aka ce ka karya.

Na biyu, tattara takardunka tun yau, kada ka jira fenti. Takardar ba da fili, da ta ciniki, da ta izinin gini, da rasit na harajin ƙasa, da na kuɗin rumfa, da na wuta da ruwa, da takardar rabon gado daga kotu. Rasit ɗin da hukuma ta ba ka shekara da shekaru shaida ce cewa ta san da zamanka tana kuwa karɓar kuɗinka. Ka yi musu hoto, ka ajiye na asali a gida, ba a shago ba, gama wuta da katafila ba sa jiran a kwashe takarda. In ba ka da takarda, nemi dattawan unguwa da mai unguwa waɗanda suka san tarihin wurin, a rubuta shaidarsu tun suna raye.

Na uku, kada ka tafi kai kaɗai. Abin da ya kai mutanen Filin Idi gaban alƙali har suka yi nasara shi ne ƙungiya mai rajista, wadda za ta iya kai ƙara da sunanta, ta tara kuɗin lauya. Kowane layi a Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai ya kamata ya sami littafi mai sunan kowa, da lambar rumfarsa, da abin da yake sayarwa. A nan muna jan kunnen shugabannin kasuwa: a sa sunan ɗan haya, da ɗan tebur, da mai kasa kaya a ƙasa, da matan da ke aiko da kaya daga cikin gida, gama ranar rabon diyya wanda sunansa ke cikin takarda shi kaɗai kotu ta sani. Kuma kowane sulhu da za a yi, a karanta shi a gaban taron 'yan ƙungiya kafin a sa hannu.

Na huɗu, rubuta ƙorafi, kada ka tsaya ga na baka. Ka kai kwafe biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka komo da shi. Ka aika wa hukumar da ta shafa fentin, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, da ɗan majalisar mazaɓarka. Ka yi sauri, domin akwai dokar da ke kare ma'aikatan gwamnati wadda ta ƙayyade wata 3 ga waɗansu ƙararraki, lauyoyin gwamnati kuwa suna son fakewa da ita. In ka ga alamar ba za a jira ba, lauya ya nemi kotu ta ba da umurnin a dakata. Neman umurni kafin rusau ya fi neman diyya bayansa sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Na biyar, ranar zama ka je da wuri, da shaidunka. In Turanci ake yi, ka ce a fassara maka, ka yi maganarka da Hausa. Ka faɗi abin da ka gani da abin da ka biya da wanda ka ba, da rana da wuri. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka ƙara ko kwabo a kan hasararka, gama ƙarya ɗaya in lauyan gwamnati ya kama ta, ta ɓata gaskiya goma, taka da ta 'yan'uwanka. Kada ka mai da wurin dandalin siyasa, wannan aikinmu ne a wani wurin. Ka roƙi masu bincike su taso su ga wurin da idonsu. In an gama, ka nemi a ba ka hukuncin a rubuce.

Na shida, wannan kira bai tsaya ga masu gini ba. Kai da aka toshe wa lungu har makara ba ta wucewa, ke da ruwa ke shiga ɗakinki kowace damina don an cike kududdufin unguwa an yi shaguna, ku ma kuna da magana, ku je ku faɗe ta. In makwabta suka yi shiru don kunya ko tsoro, mai kuɗi ne zai zo da lauyoyinsa ya yi magana shi kaɗai, a rubuta cewa ba wanda ya yi ƙorafi.

MASU CEWA BA AMFANI

Mun san abin da waɗansu za su ce: kwamiti na manya ne, an gama rubuta sakamako tun ba a zauna ba, talaka ya je ya ɓata yininsa. Ba mu ce ƙarya suke yi duka ba. Sau da yawa rigimar manya ce ke haifar da kwamiti. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano, kowa kuwa ya san akwai siyasa a ciki. Duk da haka mutane suka je suka ba da shaida, aka buɗe littattafan hukumar da a da ba mai iya ɗaga ido ya dube ta, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Ko mene ne nufin wanda ya kafa kwamiti, abin da aka faɗa aka rubuta yana nan, gwamnati ta tafi wata ta zo, takarda tana jiran mai nema. Wanda bai je ba kuwa, an rubuta ya yarda ke nan.

Waɗanda suka kafa NEPU a nan Kano ran 8 ga Agusta 1950, da Malam Aminu Kano da ya ja ragamarta, babban abin da suka koya wa talaka shi ne ya tsaya gaban mai mulki ya ce a nuna masa dokar. An ɗaure su, an yi musu bulala, ba su fasa zuwa kotu da rubuta takardun kuka ba. Mu da muka sami Tsarin Mulki a rubuce, ba mu da uzurin zama a gida.

ABIN DA MUKE NEMA

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da Gwamnati da su tabbatar da abubuwa biyar. Ɗaya, kada a rushe ginin kowa sai an ba shi takarda a hannunsa, da Hausa da Turanci, da boko da ajami, mai nuna laifi da wa'adin da bai gaza kwana 28 ba, in ba ginin da ke shirin faɗowa kan mutane ba. Biyu, a sami kotun ƙorafin tsarin gari mai zama a fili, wadda kowa ya san wurinta da ranakunta, ta riƙa zama a cikin birni, a kuma sa wakilin 'yan kasuwa da na masu unguwanni a ciki, kada hukumar da ta shafa fenti ta zama ita ce alƙali. Uku, da zarar mutum ya shigar da ƙorafi, katafila ta tsaya har a yanke. Huɗu, in an tabbatar fili na jama'a ne amma mai ginin da takardar gwamnati ya saya, a biya shi, sa'an nan a bi wanda ya sa hannu da wanda ya ci kuɗin su mayar. Biyar, a buga taswirar ganuwa da filayen idi da maƙabartu da magudanai, a manna a ofishin kowane hakimi da ƙofar kowace kasuwa, don kada a sake sayar wa mutum abin da ba na sayarwa ba. Kuma duk kwamitin da aka kafa da kuɗin jama'a, a buga rahotonsa jama'a su karanta.

Wannan bukata ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Wanda ya yi tafi da aka rushe shagon abokin hamayyarsa a 2023, ya tuna gwamnati ba ta dawwama, fenti kuwa bai san katin jam'iyya ba. Muna umurtar rassanmu na kowace unguwa su sa wannan magana a taronsu na wannan mako, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a naɗa mutum biyu masu rubutu da za su taimaki duk wanda aka shafa wa fenti, ɗan jam'iyyarmu ne ko ba namu ba. Ku kuma 'yan kasuwa, ku buɗe littafin sunayen nan tun kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.